Yau An Zaunar da Ni a Kotu

Daren Laraba, Jega.

Na gaji tiɓis, amma barci ya ƙi zuwa. Tun ina tallan albasa a Aliero har na mallaki rumfuna, ba a taɓa yanka ni a bainar jama'a irin yau ba.

Shekara da shekaru ina tsaya wa mutane wakili a kotun Shari'a, alƙalai duk sun san muryata. Da maƙwabcin ƙanena Garba ya kai shi gaban majistare, wai ya shigar masa iyakar fadama a Jandutsi, sai na ce, "Ƙanena, wane lauya? Bakina naka ne." Garba mai i'ina ne, in ya tsorata ko sunansa ba ya fita.

Na miƙe cikin babbar riga mai sitati, na fara jawabi. Lauyan maƙwabcin, wanda na haifi kamarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wanga bawan Allah lauya ne?" Majistare ya ce nan ba a wakilci, sai dai lauya ko mutum da bakinsa. "Alhaji, zamna. In ka ƙara, kai ma ka taka doka."

Na zauna. Garba ya yi ta kokawa da kalma guda yana waiwayena, har aka ɗage zaman.

A hanya bai zarge ni ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Cewa kawai ya yi, "Yaya, fadamar ta tafi ko?"

Gobe da sassafe sai Birnin Kebbi neman lauya. Na ce wa matata Hajiya ta ajiye babbar rigar nan. Roƙo zan je yi.