Jirginku Ne Ya Faɗi, Ƙanena Ne Ya Mutu

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da aka ba kwangilar feshin tsuntsayen jan-baki a fadamar Haɗeja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Haruna, manomin shinkafa ne a wani ƙauye cikin ƙasar Guri. Ban so fito da wannan magana bainar jama'a ba. Na yi ta zarya ofishinku har maigadi ya daina tambayar sunana, kullum amsa ɗaya ce: ka yi tafiya. Shi ya sa zan faɗa a inda kowa zai ji.

Daminar bara waccan jan-baki ya sa mu a gaba. Shinkafa ta fara ƙosawa, muna wuni a gona muna ihu da kaɗa gwangwani har murya ta dishe. Da aka ce za a turo jirgin feshi, wallahi har addu'a muka yi muku. Ina bakin gonata gab da magariba lokacin da ƙaramin jirginku ya yi ƙasa-ƙasa kan kacalar da tsuntsayen ke kwana, wato ciyawar nan da ta cinye mana hanyoyin ruwa. Sai ƙararsa ta sauya, ya karkata, fiffike ya daki ruwa, ya kifa.

Kowa ya tsaya cak, ana tsoron wuta. Ƙanena Ado, masunci ne, yana kusa cikin kwalekwalensa. Na ƙwala masa kira kada ya je. Bai ko waiwayo ba. Ya faɗa ruwan da ya koma fari fat da maganin da ke tsiyaya daga tanki, ya yi ta nutso har ya yanke igiyar kujera da wuƙarsa ta gyaran kifi, ya jawo matuƙinku da rai. Matar Ado, Falmata, ita ta ba da zanenta aka ɗaure wa mutumin ƙafarsa da ta karye. Motarku ta zo ta ɗauke shi. Ado kuwa ya taka ya koma gida da rigarsa jiƙe, tana warin da har yau ban manta ba.

Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu.

Na farko, babu ko mutum ɗaya cikin ma'aikatanku da ya ce wa Ado ya tuɓe rigar nan ya yi wanka da sabulu. Su da suka zo da safar hannu da abin rufe hanci, sun san abin da ke cikin tankin. Washegari ya tashi da amai, yawu na dalala, jiki na rawa, numfashi yana sarƙewa.

Na biyu, da muka kai shi asibiti a Haɗeja, likita ya ce mini, "Malam, a samo mana sunan maganin nan, zai taimaka." Na iske wakilinku a filin da jirgin ke tashi, na roƙe shi har da durƙusawa, ni da furfurata. Ya ce sai an ba shi izini daga sama. Izinin bai zo ba har Ado ya cika. Ban ce da an faɗa lalle zai rayu ba, rai na Allah ne. Amma sunan magani kawai muka nema, ranka ya daɗe, suna kawai.

Na uku, wannan shi ya fi ci mini rai. Muna zaman makoki muka ji sanarwarku a rediyo cewa an yi ƙaramin haɗari, kuma alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Falmata tana cikin takaba ta ji wannan da kunnenta. Ta aiko a tambaye ni, ko wanda muka binne ba rai ba ne?

Na huɗu, gangar jirgin tana nan inda ta faɗi. Kun cire abin da kuke so, kun bar mana sauran. Kifi ya mutu a wannan tafki, makiyaya sun daina shayar da shanu a wurin, kuma duk lokacin da ruwa ya ja baya sai Bulama, mai garinmu, ya sa a yi ta korar yara daga kanta.

Ba sadaka na zo nema ba. Marayun Ado suna gidana, abin da 'ya'yana suka ci shi suke ci. Abin da nake roƙo shi ne ku koma gidan rediyon nan ku gyara maganarku, ku ce an rasa rai, sunansa Ado. Ku kwashe ƙarfenku daga ruwanmu. Kafin ku sake yin feshi a ko'ina, ku sanar da asibitocin yankin abin da kuke fesawa. Sannan ku gaya wa matuƙin nan wanda ya fito da shi. Ina kyautata masa zaton bai sani ba, don ban yarda akwai mutumin da zai sani ya kasa zuwa ta'aziyya ba.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci tun kana da dama. Allah Ya sa duk jirgin da kuka tayar ya sauka lafiya. Ina yin wannan addu'a da zuciya ɗaya, domin na san mutanenmu: in wani ya sake faɗowa, wani zai sake shiga ruwan, kuma na ga yadda kuke saka wa irinsa.

Wassalam.

Haruna, yayan marigayi Ado,
daga ƙasar Guri.