Ina Ka Kai Hannunka Ranar Mazarƙwaila?

Gubuchi, ta hanyar Makarfi,
Afrilu, 1961.

Zuwa ga ɗana Uwaisu, wakilinmu a majalisar Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Ummuhani da yara gaba ɗaya. Allah ya tsare ku, ya raya zuriya, ya jiƙan mahaifinka ƙanena, ya kyauta namu zuwan. Mu a nan sai godiya. Innarka Lantana ƙafar nan tata ta sassauta tun bayan ƙaramar salla, har ta koma fitowa tsakar gida tana yi wa surukanta faɗa, ka kuwa san in ta fara faɗa to ta warke. An yi wa ɗan'uwanka Inuwa haihuwa, mace ce, an mayar da sunan kakarku Adama. Rake ya yi kyau bana, mun kusa gama matsa, ko da yake farin dokin nan da ke jan inji ya tsufa, sai an yi ta lallashinsa kamar ni. Mazarƙwaila kuwa ga ta nan jibge a zaure har rufi, ƙudan zuma kaɗai ke zuwa taya ta.

Malam Sada mai rubuta wasiƙa a kasuwar Makarfi ne ke rubuta mini wannan. Tun farko na gaya masa abin da bakina ya faɗa shi zai sa, kada ya shafa masa mai. Ya ce ai manyan mutane ba a rubuta musu kamar ana kiran akuya. Na ce babban mutumin nan ni na yi masa kaciya. Don haka in ka ji magana ta yi kaushi, tawa ce, kada ka ga laifinsa.

Uwaisu, ba na samun sukuni. In na zauna sai in tashi, in na je fadama sai in ga kamar na bar wani abu a gida, in na dawo gida in rasa abin da na zo ɗauka. Saura mako uku zaɓe. A gidan nan akwai maza goma sha bakwai da suka isa jefa ƙuri'a, kuma ka san rabin unguwar nan inda na taka nan suke takawa. Kowa ya zuba mini ido, ni kuwa ban san akwatin da zan nuna musu ba. Shekara saba'in da wani abu ban taɓa rasa amsar da zan ba 'ya'yana ba sai a kanka.

Ni ban yi boko ba, ko allo ban yi nisa ba, amma na iya awo. Wanda ya shekara arba'in yana dafa ruwan rake ya san lokacin da ya nuna, ba sai an gaya masa ba. Tun ranar da ka tafi majalisa na samu igiya na rataye a zaure. Duk lokacin da majalisa ke zama sai in je ƙofar gidan dagaci inda ake kunna rediyo, in zauna har a gama labarin abin da wakilai suka faɗa. In na ji sunanka, in dawo in yi ƙulli ɗaya. Shekara biyar ke nan, ƙulli uku ne a igiyar. Na farko ka tashi ka goyi bayan a yi wa wani babba godiya. Na biyu ka yi tambaya a kan rijiyar kasuwar Ikara, wannan kam na yaba, har na yi masa ƙulli babba. Na uku kuwa sunanka kawai aka karanta cikin waɗanda suka tafi rakiyar baƙi filin jirgi, na yi ta shawara da zuciyata kafin in ƙulla, na ƙulla ne don kunya. Doka ɗaya da za a ce Uwaisu ne ya kawo ta, ban ji ba. Da ka zo salla na nuna maka igiyar, ka yi dariya ka ce Baffa, aikin majalisa ba a baki yake ba, a ofisoshi ake yin sa da ɗakunan kwamiti, kuma abin dubawa shi ne inda mutum ke kai hannunsa in an zo yanke magana. Na riƙe wannan. Na ce to, tunda rediyo ba ya nuna hannu, gani ya kori ji.

Yanzu zan gaya maka abin da ko innarka ba ta sani ba, ita ta ɗauka Zariya na je neman maganin ƙafarta. Ka tuna ranar da wani wakili na ɗaya ɓangaren ya kawo shawarar cewa makarantun kwana da asibitoci da gidajen yari su riƙa sayen mazarƙwailarmu maimakon farin sukarin da ake kawowa daga ƙetare? Tun kwana biyu kafin nan aka faɗa a rediyo cewa za a yi maganar. Ka san tun da aka gama yaƙin Bama soja suka daina saye, sukarin kwali ya shigo, kasuwarmu ke ja da baya, daga nan har Kudan mutane sun fara sayar da dawakan inji. Ban damu da ko wane ɓangare ne ya kawo maganar ba, in gidanka na cin wuta ba ka tambayar rijiyar wa aka ɗebo ruwa. Sai na je wurin Barnaba direba, mutumin Kudan ɗin nan da ke ɗaukar mana kaya, na hau bayan motarsa a kan buhuna har Kaduna. Yana da aboki masinja a majalisa, shi ya samo mini 'yar takardar shiga, ya hau da ni benen da baƙi ke zama. Na roƙi su biyun kada su gaya maka.

Na gan ka. Kana layi na uku, da farar riga da hula zanna, ka yi ƙiba. Ko da ba ka juyo ba na gane ka, ƙeyar da na sha askewa ba za ta ɓace mini ba. Mai shawarar ya yi magana, rabi Turanci rabi Hausa, tafinta na juyawa. Bai ma san rake ba, ya ce wai da damina ake matsa, na ji kamar in sauko in gyara masa. Na yi ta jira ka tashi, kai da aka yaye da mazarƙwaila, kai da ka sha bin doki kana zagaya inji kafin a kai ka makaranta. Wani minista ya tashi ya ce abin ba shi da tsabta, ana dafa shi a fili ƙuda na bi. Na dubi ƙeyarka, ba ta motsa ba.

Da aka gama, shugaban majalisa ya ce waɗanda suka yarda su ɗaga hannu. Ni dai abin da na sani tun tasowata, in ana maganar gonar mutum a gabansa, ko a fadar hakimi ne, ba a ce masa ya naɗe hannu. An ce wanda ya yarda, ni kuwa na yarda. Sai na ɗaga. Akawun da ke ƙirga ya bi layi da yatsa har goma sha ɗaya, ya ɗago kai ya ga na goma sha biyu a sama. Aka fara dariya daga wancan gefe har ta cika ɗakin. Wani ɗan sanda ya zo ya raɗa mini cewa Baba a sauke hannu, nan sai wanda aka zaɓa. Na ce a bar ni sai an ƙirga ni. Ya kama hannun riga yana ja, ni kuwa na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Ni ne mai raken." Duk kawunan da ke ƙasa suka juyo sama, har shugaban da ministan. Kai ɗaya ne bai juyo ba, yana ta duban takardar da ke gabansa. Shi da wani ɗan sandan suka sauko da ni, ba su buge ni ba, gaskiya ɗaya ce, har ɗayan ya ɗauko mini sandata.

To ga inda ƙaiƙayin yake. Na ga hannunka ba ya cikin goma sha ɗayan nan, wannan na gani da idona. Amma an fitar da ni kafin a kira waɗanda ba su yarda ba. Abin da na yi tafiyar yini guda a kan buhu don in gani, taurin kaina ya hana ni gani, kuma ba na nadama, in an sake zan sake. Ina zaune a gindin bishiya a waje masinjan ya fito ya ce shawara ta faɗi. Na ce a duba mini littafi a ga inda Uwaisu ya sa nasa. Ya ce a irin wannan ƙirga ba a rubuta sunan kowa sai jimla, kuma akwai 'yan kaɗan da ba su ɗaga ko'ina ba, sun bar hannu cikin riga, amma shi bai lura da ko su wane ne ba. Ka ji aikin masu ilimi. Mu da ba mu iya rubutu ba, an shekara talatin da rabon fadamar Furana amma har yau zan faɗa maka wanda ya tsaya wa wa. Ku da alƙalami da akawu, an rasa inda hannun mutum ɗaya ya nufa. Saura kai da Allah kuka sani.

Barnaba ya riƙe bakinsa, amma akwai wani ɗan Ikara a benen ranar, labari ya riga ni isowa kasuwa. Mutanen Gambo tela, wanda ke takara da kai, da ma suna kiran ka beben majalisa. Wani ya tare ni a rumfar masu goro yana tambaya ko mun manta ba a cire maka belu ba kana jariri, wai ga wanzami nan kusa. Wani kuma ya ce ai gara a tura ni Kadunan, tunda a yini ɗaya na yi maganar da ta fi taka ta shekara biyar. Na ce masa ubansa ma da ya yi shekara sittin yana magana ba a taɓa faɗar sunansa a rediyo ba. Shekaranjiya Gambo da kansa ya zo har zaure, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya ajiye goro. Yana so ranar Larabar ƙarshe kafin zaɓe in hau teburinsa a kasuwar Makarfi in faɗi abin da na gani. Na karɓi goron, don ba a mayar da goro, amma ban ba shi amsa ba.

Na san abin da ake faɗa a bayana, na kuma san kai ma ka taɓa faɗa wa innarka. Wai da dogaran hakimi suka zo neman yaro ɗaya daga gidan nan a kai makarantar boko, na ɓoye Inuwa a rumbu na miƙa maraya. Haka aka yi, ban musa ba. A lokacin kowa ya ɗauka yaron da aka kai ya tafi ke nan. To amma yau wa ke cikin mota, wa ke bin doki? In alhaki ne na ɗauka, ina ganin Allah ya riga ya yi mana hisabi tun a nan. In kuwa abin ne har yanzu ke cin ka, ka zo ka faɗa mini a fuskata, kada ka rama a kan raken mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa nake ta wannan wahalar.

Abin da nake nema guda ne. Kada ka aiko takarda, don takarda ba ta da ido. Ka zo da kanka kafin Larabar da Gambo ya sa, ka same ni a wurin inji, ka gaya mini inda ka kai hannunka. Ba zan sa ka rantse ba, na san fuskarka in kana ƙarya tun kana satar rake. In a riga ka bar shi, ba zan yabe ka ba, amma zan iya tsayawa gaban mutane in ce ɗana bai taimake mu ba, bai kuma soke mu ba, mu goma sha bakwai da masu bin mu mu nufi akwatinka. In tare da ministan ka ɗaga, shi ma ka faɗa, namiji ba ya gudun abin da ya aikata. Ba zan hau teburin Gambo ba, amma ranar zaɓe a fadama za mu yini, ni da duk wanda ke cin tuwon gidan nan. In kuwa ba ka zo ba, to na ɗauki shirun a matsayin amsa, ranar Laraba zan faɗi abin da idona ya gani, ba ƙari ba ragi. Dalilin da ya hana ka juyowa kuwa ba zan tambaya ba, wannan ba maganar majalisa ba ce.

Innarka Lantana na gaishe ka, ta ce ka taho mata da man zafi irin na wancan karon. Inuwa da matansa na gaisuwa, haka gwaggonka Mero, da autana Lawal da ke tambayar ko kana nan da alkawarin keken nan. Malam Sada ma ya ce in sa tasa gaisuwar, ya kuma ce ka shaida shi alƙalami kawai ya riƙe. Ka shafa mini kan yara ɗaya bayan ɗaya. Ka gaishe mini da Ummuhani da kyau da kyau, amma kada ka gaya mata na zo Kaduna na koma ban taka gidanta ba. Ita ba ta yi mini komai ba, kuma na san za ta yi kuka.

Allah ya sada mu da alheri. Ga dangwalen babban yatsana a ƙasa, don ka san daga bakina ne.

Baffanka da ke jiran ka,
Ya'u mai rake, Gubuchi.