Yasmin da Ƙaurin Al'ul

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya jikin Baba, ya matarka sarkin tsokana? Ga 'yar kwalba nan na naɗe cikin auduga. Sabon turaren da na haɗa ne. Uwar ɗakina na so mu fara sayarwa ƙarshen wata, amma ni tsoro nake ji.

Man furen yasmin na ɗora a kan itacen al'ul da aka babbaka. Furen shi kaɗai zaƙinsa hawa kai yake, itacen kuma shi kaɗai sai ka ce tsohon murhu. Na yi ta rage wannan ina ƙara wancan har suka zauna da juna. Ranar da suka zauna, da rana tsaka, ni kaɗai a ɗakin haɗi, na shafa a wuyan hannu sai na ji tarin mace a bayana. Na waiwaya, ba kowa sai kwalabe a kan kanta. Tun daga nan duk buɗewa sai na ji tarin, kuncina kuma ya ɗau ɗumi kamar na kwantar da shi a bayan wani.

Kada ka yi mini dariyar nan taka. Ka sansana ka gaya mini.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙo ya iso. Ban yi dariya ba.

A falo na buɗe, Baba na zaune bakin taga. Kin san tun da ɓarin jikinsa ya shanye da ƙyar yake haɗa kalma biyu. Sai ya ɗago ya dubi ƙofa, ya ce tiryan-tiryan, "Matsa ka ba uwarku hanya."

An gaya miki ciwon ƙirji ne ajalin Inna. Gaskiya ne, sai dai ba ki san mafarinsa ba, don kina goye aka yi. Shagon kafintancin Baba a jikin gidanmu na da yake, cike da katakon al'ul. Wuta ta kama shi da hantsi, Baba ya tafi kai kujeru. Kafin nan Inna ta tsinko yasmin a tsakar gida ta ƙulle a bakin ɗankwali, ta shiga ɗaki da ke. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, ta cikinsa ta fito, kina bayanta lulluɓe da jiƙaƙƙen zane. Ke ko ƙwarzane ba ki yi ba. Ita ta yi ta tari har Allah Ya karɓi abinsa. Ni na riƙe mata kofin ruwa, kuma ƙamshin da ke jikinta a kwanakin nan shi ne kika aiko mini.

Ina roƙonki, kada ki sayar. Allah Ya yi miki albarka.

Yayanki

Yaya,

Barka da war haka. Na karanta a tsaye, na ƙarasa a zaune a ƙasa.

Na faɗa wa uwar ɗakina ba zan ba da haɗin ba. Ranta ya ɓaci, ta ce an riga an buga takardun kwalba, in yi tunani ko in nemi wani wurin aikin. Na ce to. Na ɗauki babbar kwalbar zan tuttular a wurin wanke hannu, hannuna ya ƙi juyawa. Yaya, ban san fuskarta ba sai a hoto. Tarin nan shi ne kaɗai muryarta da nake da ita. Yanzu idan na ji shi ba na waiwayawa, gaishe ta nake yi.

Me Baba yake ciki? Kada ka ɓoye mini.

Taka,
Auta

Auta,

Salam. Kwalbar ta ƙare. Baba ya shafe ta duka a jikin kujerar da ke gefensa, kuma tun ranar yake cin abinci sosai, yana hira ƙasa-ƙasa. Yau da safe ya ce in rubuto miki ki kawo wata da kanki, amma ki rage hayaƙin, yana shaƙe Inna.

Ni ban ga kowa ba, sai dai na daina zama a kujerar.

Allah Ya kawo ki lafiya.

Yayanki