Kada a goge muryoyin da ke cikin akwatin ƙarfe

Zuwa ga mai girma Direktan porojen tallafa wa rediyoyin karkara, biron Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ya zafi, ya ɗawainiya da mu?

Sunana Isufu Mamman, ni ke haɗa shirye-shirye a ƙaramin gidan rediyon da kuka kafa mana a ƙasar Dungas. Na kira lambar bironka har na gaji, na aika saƙo ta hannun wani direba mai zuwa cin kasuwar Magarya, shiru. Shi ya sa na fito fili, ka yi mini afuwa. Labari ya iso mini cewa ka sa hannu a turo teknisiye ya yi wa kwamfutarmu formate, wato ya goge duk abin da ke cikinta ya zuba sabo, wai birus, cutar kwamfuta, ne ke kashe ta. Tun da na ji haka zama ya gagare ni. Ko babur ne ya tsaya a ƙofa sai na miƙe na leƙa.

Na ɗaya, ka san abin da za a goge. Mun yi shekaru muna bin ƙauyukan Guci da Yekuwa da Dogo-Dogo, wani wuri a amalanke, muna ɗaukar muryoyin tsofaffi: masu haƙar rijiya, tsofaffin fatake, mata masu waƙar daka, Fulanin da suka san inda kowane burtali ya bi tun kafin gonaki su cinye shi. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Babu kwafin waɗannan muryoyi ko'ina a duniya sai cikin wannan kwamfuta.

Na biyu, akwatin. Bayan satar da aka yi a wani gidan rediyo, bironka ya ce a saka kowace kwamfuta cikin akwatin ƙarfe, a kulle, makulli ya zauna Damagaram. Mai waldar garinmu ya yi aikinsa tsakani da Allah. Irin akwatin da yake ƙera wa ƴan kasuwa ya yi mana, ƙarfe mai kauri, ko sauro ba ya shiga, sai ƴan ramuka a baya na wucewar waya. Kowa ya yaba, har da mu. Ɓarawo kam bai samu hanya ba, amma iska ma ba ta samu ba. Wurin da ake soka kile, ƴar ma'ajiyar nan ta hannu, a kwashe aiki shi ma ya shige ciki, shi ya sa ba ni da yadda zan fitar da ko murya ɗaya.

Na uku, abin da idona ya gani. Da safe lafiyarta lau. Rana na take tsaka, kwanon ɗakin ya ɗau zafi, sai fankar cikinta ta fara ihu, murya ta riƙa sarƙewa, allo ya daskare, ɗif ta mutu. Ka taɓa akwatin ka ji kamar murfin tukunya. In an bar ta ta huce, da la'asar sakaliya sai ta tashi kamar ba ita ba. Lokacin sanyi wuni take tana aiki, ranar da aka yi ruwa ma haka. Da abin ya ishe ni na jiƙa buhu na shimfiɗa a kan akwatin, yadda muke yi wa jarkar ruwan sha, sai ga ta ta kai la'asar ba ta mutu ba. Ni ba masani ba ne, amma ban taɓa jin birus mai tsoron jiƙaƙƙen buhu ba.

Na huɗu, ba ni kaɗai ke wannan zato ba. Teknisiyenku, Malam Habu, shi ya girka mana ita, kuma ya gaya mana a lokacin cewa ya ƙara wa ƙwaƙwalwarta gudu fiye da yadda aka ƙero ta, don haɗa murya ya yi sauri. A sannan babu akwati, a sarari take tana shan iska. Na same shi ta waya, ya kwatanta mini shafin da ake duba zafinta in an kunna, na tsaya ina kallon lambar tana hawa ba ta sauka. Shi da bakinsa ya ce ƙarin gudu ƙarin zafi ne, sai an buɗe an share, an duba fanka, an sake shafa man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya ta, an mayar da gudun yadda yake. Amma makulli ba ya hannunsa, kuma formate aka umurce shi ya yi. Ban ga laifinsa ba, ɗan aike ne.

To ranka ya daɗe, in an goge ta kuma gobe da azahar ta sake mutuwa, wa zai tono mana tsofaffin nan su sake magana? Wannan ce tambayar da ke hana ni cin abinci da daɗi. Yanzu ma na daina kunna ta in rana ta ɗaga, don Malam Habu ya ce kowace mutuwar farat ɗaya tana iya lalata ma'ajiyarta. Sanarwar rasuwa da cigiyar dabbobi da baki nake karanta su, masu saurare suna ta tsiya wai rediyonmu ya koma yin ƙailula.

Ga roƙona. Ka dakatar da umurnin formate yau, kada ka jira taro. Ka ba Malam Habu makulli ya taho da shi, da wata ma'ajiya da za a fara kwashe muryoyin a ciki kafin a taɓa komai. A rage gudun, a bar mai walda ya yanke wa akwatin tagogi ya sa raga. In an yi duk wannan ta ci gaba da mutuwa, na yarda birus ne, a goge, ni zan riƙe masa kujera. Sauran gidajen rediyon da aka yi wa irin akwatin nan, a tambaye su su ma.

Akwai abin da ban so in sa cikin lissafin nan ba, kada a ce son kai ne ya sa ni rubutu, amma ɓoye shi ya fi ƙarfina. Cikin matan da suka yi waƙar daka akwai mahaifiyata. Ta rasu kafin kaka. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ba ni da komai nata sai wannan. A ƙarshen waƙar ta yi dariya, ta kira ni da sunan da yanzu babu mai kirana da shi.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama aikinka lafiya, ya jiƙan naka da suka tafi, ya bar maka waɗanda kake jin muryarsu.

Wassalam.

Isufu Mamman, daga ƙasar Dungas.