Kabarin Dadi a Bakin Jamuna

Betbari, 4 ga watan Ashar

Zuwa ga jikata Shamsun Nahar, wadda duniya ke kira Tuni,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda nake, in ban da gwiwa. Na rubuto ne domin na kira lambarki har na gaji. Kullum wani Rubel ke ɗauka, ya ce shi ne mai kula da harkokinki, wai kina aiki. Na ƙare ƙuruciyata ina shugabancin gidan waya, ban taɓa ganin wasiƙar da aka mayar wa mai ita don wanda aka aika wa yana aiki ba.

Waƙarki ta iso mu. Ban nema ba, ita ta same ni. Duk wanda na kira a garin nan, kafin ya ɗauka sai in ji muryarki a maimakon ƙarar waya. Kasem mai kwale-kwale ya sa ta, mai sayar da magani ya sa ta, har ɗan liman. Jiya a rumfar shayi Kasem ya ce, "Baba, yau kai za ka biya, kakan tauraruwa ba ya shan na kyauta." Na ce masa, "Tauraruwar da na share wa majina? Tafi ka toshe jirginka, yana yoyo." Ban saurari waƙar har ƙarshe ba, amma a abin da na ji kina jan numfashi a tsakiyar magana. Ki gyara. Sunan da kakarki ta raɗa miki a tsakar gida kuwa, ga shi manne a bayan kowane keken haya. Wannan na bar shi ga Allah.

Yanzu ga dalilin takarda. Jamuna, babban koginmu, ta fara cin gaɓa tun ruwan farko. Ta cinye kasuwa, ta cinye filin makaranta, yanzu tana gonar su Kasem. Daga can sai tafkinmu, sai mangwaron da kakarki, Dadinki, ke kwance a gindinsa. Kina Dhaka wajen gasar talabijin ta rasu, ba ki sami jana'iza ba, ban kuma zarge ki ba, domin ita ce ta tsaya a kan ki tafi lokacin da ni na hana. Amma har yau idonki bai ga kabarinta ba. Ki zo ki gan shi tun yana nan.

Ki huta lafiya.
Kakanki, Abdul Motaleb Sarkar

Dhaka, watan Ashar

Dadu kakana, angona mai faɗa,

Gaisuwa da ban girma. Ka gafarta mini rubutun, a mota nake. Na karanta takardarka a ɗakin kwalliya, na yi kuka har mai yi mini kwalliya ta ce, "Ke baiwar Allah, in za ki yi kuka ki faɗa tun kafin in ɓarnatar da kwalli."

Dadu, ba ƙin zuwa nake ba. An rubuta mini wasa bayan wasa har ƙarshen damina, a Khulna, Sylhet, Bogura, na kuma sa hannu. Na ce wa yaya Rubel ya ba ni ko kwana biyu, sai ya ce, "Tuni, yanzu ake yayinki. Kin san yara nawa ke layi a bayanki? Ki juya baya kawai, wata ta hau kujerar." Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa.

Amma na samo dabara. Suna neman inda za a ɗauki hoton waƙar, suna son bakin ruwa. Na ce musu ga garinmu, ga gaɓa tana zubewa, ga kabarin kakata. Yaya Rubel har da tafa hannu! Za mu zo cikin makon nan mu goma sha wani abu, da na'urorinsu. Su yi aikinsu, ni in ga Dadi. Ka ce wa Kasem ya nemo mana kifin ilish mai ƙwai, na gaji da abincin otal.

Numfashin nan kuwa da gangan na ja shi a wurin. Haka Dadi ke yi in tana waƙa a bakin murhu. Ka manta ne?

Amaryarka, Tuni

Betbari, 19 ga watan Ashar

Zuwa ga Shamsun Nahar,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta iso ba kwanan wata, ba cikakken adireshi a baya. Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba.

Ban yarda ba. Kakarki Jobeda mace ce da ko mai sayar da awarwaro bai taɓa ganin gashin kanta ba. Ba za a kafa fitilu a kan makwancinta, a ce miki ki sake kuka don na farko bai fito da kyau ba. Maƙwabtanmu kuma suna kwance kwanon rufinsu suna ɗauka a ka, mata na zaune a kan tudun titi da tukwanensu cikin ruwan sama. Waɗannan mutane ne, ba kayan ƙawata waƙa ba. Wanda ya tafa hannu da jin cewa gaɓa tana zubewa kada ya taka mini ƙofar gida.

Ki zo ke kaɗai, a motar haya, kamar kowace ɗiya. In ba haka ba, ki zauna.

Kogi ya shiga tafkinmu ranar Talata. Kifin da kika zuba da hannunki ya tafi. Na tambayi liman ko za a ɗauke Dadinki a kai ta tudu, ya ce ana iya yi in larura ta kama. Amma ita ta zaɓi gindin mangwaron nan, ta nuna mini wurin da ƙafarta, ba zan iya sa a tone ta ba.

Kakanki, A. M. Sarkar

Khulna, watan Srabon

Dadu,

Ina gaida ka. Na gaya musu an fasa. Yaya Rubel ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana, daga baya suka gina gaɓar ƙarya a bayan gari, suka kawo motar ruwa tana yi mini ruwan sama. Na tsaya a gindin wani mangwaro da ba namu ba, na yi kuka, suka ce ya yi kyau ƙwarai.

Ka ɗauka ban san abin da yaya Rubel zai yi da kabarin ba? Na sani. Na ce a raina su ɗauki abin da za su ɗauka, ni dai in dafa ƙasar da hannuna. Hanya ɗaya ke nan da nake da ita, ka toshe ta. Kai kullum kana wurinta, Dadu. Ni fa?

Jiya filin wasa ya cika har kan bishiyoyi. Na miƙa musu lasifika suka rera waƙar gaba ɗaya, ba sai na buɗe baki ba. Na tsaya ina kallonsu ina tunanin ko ina ruwa ya kai.

Sun ce in watan Bhadro ya kama za a sake ni. Don Allah ka ce wa kogin ya jira ni. Kai ne kowa ke tsoro a Betbari.

Tuni

Kan tudun titi, 26 ga watan Srabon

Zuwa ga jikata Tuni,

Bayan gaisuwa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Mun kwance gida ranar Lahadi. Kasem da 'ya'yansa suka kwashe kwano da ginshiƙai, suka kafa mini ɗaki a kan tudu kusa da nasu. Duk da haka kowace safiya nakan koma gindin mangwaro da kujerata. Kasem ya ce, "Baba, in ka faɗa ruwa ba zan tsamo ka ba, ka yi nauyi." Na ce, "Da wane jirgin? Wannan kwandon?"

Na karanta takardarki sau da yawa. Ran Laraba na yanke cewa ki zo da su, da fitilunsu da tafinsu, in kawar da kaina. Takarda ba za ta isa a kan lokaci ba, don haka na kira lambarki. Rubel ya ɗauka, ban ji komai ba sai ihun jama'a. Ya ce, "Wane ne? Tana kan dandamali, a kira gobe." Ya kashe.

Washegari da hantsi ina zaune sai na ga ƙasa ta tsage tsakanina da mangwaron, siririyar tsaga kamar zare. Duk wanda aka haifa a nan ya san abin da take nufi. Na ja kujerata baya, na kira Kasem don ya zo da mutane, ko da ban san abin da mutane za su iya ba. Wayarsa ba ta yi ƙara ba, sai ke kika fara waƙa.

Kasem yana tsakiyar ruwa da fasinja, bai ɗauka ba. Na tsaya da wayar a kunne, har kika zo inda kike jan numfashi. Gaskiyarki, haka Dadinki take yi. Na manta ne.

Sai na ƙara sautin, na miƙa hannuna da wayar wajen kabarin iyakar tsawonsa. Da ta katse na sake kira. Na yi ta kira ina roƙon Allah kada Kasem ya ɗauka, bai kuwa ɗauka ba. Ba ki yi shiru ba har mangwaron ya karkata a hankali, ƙasar ta zame da shi da ita. Ko ƙara mai yawa ba a yi ba. Ruwa ya yi ja, sannan ya koma kalarsa.

Na yi mata addu'a da sunana da sunanki. Kada ki ce ba ki zo ba. Jikinki ne bai zo ba, wannan kuwa ni na tare shi.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.
Kakanki

Dadu,

Na ce wa yaya Rubel ya ba wata kujerar in ya ga dama. Ina zuwa ranar Juma'a, ni kaɗai, a motar haya. Ka ce wa Kasem ya toshe jirginsa. In mun shiga ruwa, za ka iya gane wurin?

Tuni

Kan tudun titi, 2 ga watan Bhadro

Amaryata,

Zan gane shi. Na daidaita shi da hasumiyar masallacin ƙetare tun kafin ruwa ya lafa.

Wannan karon ma ba ki sa kwanan wata ba. Bar shi, ba komai. Kasem ya sami ilish. Ki zo.

Dadu