Auta Ta Auna Ƙishin Ƙasa

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ya ƙafar taki, ya jikoki? Mu dai alhamdu lillahi. Yau wata biyar da rasuwar Baban Auta, haƙuri muke ta yi.

An ba Auta aikinta na farko, maganin ruwan saman nan da ke shigo mana har ɗaki duk damina. Za su haƙa babban rami bayan makaranta, ruwa ya taru, ƙasa ta shanye. To sai an auna yadda ƙasar ke sha. Na kai mata abinci, na gani da idona: zoben ƙarfe biyu, ƙarami cikin babba, ta kafa a ƙasa ta cika da ruwa, tana duba agogo da rula tana rubutawa.

Ruwan ya shige da sauri, ogansu na wurin aiki ya ce wuri ya yi. Auta ta ƙi sa hannu. Ta ce busasshiyar ƙasa kamar mai buɗa baki ce, ba a gane cinsa a lomar farko, sai an jiƙa ta ta ƙoshi a sake aunawa. Yaya, maganar babanta ce sak, lokacin yana haƙar rijiya. Sai da na juya na goge ido.

Ogan ya ba ta kwana biyu. In ta ɓata masa lokaci a banza, wani zai ba aikin. Ki sa ta a addu'a.

Ƙanwarki,
Maman Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kin samu sauƙi. Ki yafe min shirun wata uku.

Da aka sake aunawa, ruwan tsayawa ya yi kamar a kwano, ashe yumɓu ne a ƙasa. Ogan ya sosa ƙeya. Na tuna wa Auta filin ƙwallo, inda babanta ya taɓa barin rijiya don yashi na rufto masa. Ta je ta auna sau uku, ƙasar na sha. Can aka haƙa.

Jiya da hantsi aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ɗora katifa kan tebur kamar kullum, na zauna ina jira. Ko dokin ƙofa bai jiƙe ba. Na sauke katifar ni kaɗai, a da ni da Baban Auta muke kamawa.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Maman Injiniya, haka maƙwabta ke kirana yanzu