Gyaɗar Malama Rifkatu

Laraba, bayan isha'i.

Yau na ga yadda Malama Rifkatu, maƙwabciyata mai rubuta littattafan yara, take gwada labari kafin ta rubuta shi. Yaran layinmu take tarawa, ta zube musu gyaɗa su ɓare, ita kuma tana ba su labarin.

Ta ce min, "Malam, hannunsu nake kallo. Inda suka daina ɓara, nan labarin yake."

Da ta zo kan wata akuya da ta gani ta shige keke napep ta ƙi sauka sai a unguwar Gyallesu, ba hannun da ya ƙara motsi. Matar nan ta burge ni ƙwarai.

Sai na karanta musu wani babi daga littafin da nake rubutawa. Suka ɓare kwano guda tas, har suka nemi ƙarin gyaɗa.